Yadda Za Ka Hana Tayar Tirelar da Kake Ja Yin Bindiga a Hanya

A Amurka da ƙasashen Turai iyali sukan ɗaura wani ɗan ɗaki mai ƙafafu a bayan mota, da gado da murhu da tankin ruwa a cikinsa, su ja shi zuwa daji ko bakin teku su yi hutu. Mu a Katsina ba al'adarmu ba ce wannan, amma 'yan'uwan wannan ɗakin suna nan birjik a hanyoyinmu: tirelar da ake ɗauko dawaki da ita idan Sallar Gani ta zo a Daura, tankin ruwa mai ƙafa biyu, injin da masu haƙa burtsatse ke ja, janaretan biki, da kurar da mai walda ya haɗa wa manomin rani don kai injin ban-ruwa Ajiwa. Duk ciwonsu ɗaya da na waccan ta Turawa. Su yi wata da watanni a ajiye, rana guda a danƙara musu kaya a hau kwalta, kafin a je ko'ina ka ji taya ta yi bindiga.

Abu uku ne suka sa tayar tirela ta fi ta mota saurin fashewa. Tirela ce ake saka wa tayar da mota ta gaji da ita. Ita ce ke kwana a rana ba mai leƙa ta. Kuma ba ta haɗe da sitiyari, saboda haka idan tana sacewa direba ba ya jin komai a hannunsa. Tayar gaban mota in ta rage iska nan take za ka ji motar tana ja gefe guda. Ta tirela kuwa sai ta yi kilomita talatin tana dahuwa kai kana sauraren rediyo.

Dahuwar nan ita ce asalin maganar. Duk juyin da taya ta yi, gefenta na ƙasa yana lanƙwasa saboda nauyi, ya miƙe in ya hau sama. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa, ba da jimawa ba za ka ji wurin ya ɗau zafi, daga nan ta karye. Haka jikin taya yake. Ƙarancin iska yana ƙara lanƙwasar, obalodi yana ƙara ta, gudu yana sa ta faru sau da yawa a cikin minti ɗaya, kwaltar bazara kuma tana hana zafin fita. In zafin ya kai wani mizani, robar sai ta saki wayoyin da ke cikinta, zanen ya ɓare, gefen ya yage. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na rage wannan zafin, ko na gane tayar da ba za ta iya jure shi ba tun tana gida.

Mataki na farko: tsuguna ka karanta gefen tayar

Ka samo tsumma da ruwa ka goge gefen tayar, don rubutun yakan cike da ƙasa. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan da ke biye har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin wani ɗan zagaye, su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ba ka ga lambobin a waje ba, suna ɗaya gefen, sai ka leƙa ta ƙarƙashi. In kuwa lamba uku ka gani maimakon huɗu, tayar nan kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka bar wa masu yin guga da takalmi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa takan gargaɗi direbobi cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kamfanonin motoci da dama suna cewa shida, manyan masu ƙera taya kuma sun sa goma a matsayin iyakar da ba a tsallakewa ko da tayar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ni a ganina, tayar tirela da ke kwana a ranar Katsina in ta kai shekara biyar ta biya kuɗinta. Kada zurfin zanenta ya ruɗe ka. Tirela ba ta tafiyar da za ta suɗe taya, tsufa ke cinye ta daga ciki, tana nan da zanenta raɗau kamar sabuwa.

Sai lambar nauyi da harafin gudu. Ɗauki tayar da aka saba gani a ƙananan bas, mai rubutun 195R14C 106/104R. Harafin C yana nuna ta ɗaukar kaya ce, R na ƙarshe kuma shi ne harafin gudu, wato alamar iyakar gudun da za ta iya jurewa. Lamba 106 tana nufin kilo 950 in ita kaɗai ce a gefenta, 104 kuma kilo 900 in an jera su biyu-biyu. Ba sai ka haddace jadawali ba, domin a kusa da bakin wili an rubuta nauyin ƙarara da ƙananan haruffa, tare da yawan iskar da ake buƙata kafin ta iya ɗaukarsa. A wannan tayar za ka ga kilo 950 a kan iska 65 PSI, wato ma'aunin iskar da geji ke nunawa. Ka riƙe wannan 65 ɗin, za mu dawo kanta.

In ka ci karo da tayar da girmanta ya fara da ST, wannan musamman don tirela aka yi ta a tsarin Amurka, gefenta ya fi ƙarfi, amma in ba a rubuta mata wani harafin gudu ba iyakarta mil 65 a awa, wato kusan kilomita 105. Ba a saka ta a mota.

Maganar saye kuma, kowa ya san abin da aljihu ke sa mutane yi. Tayar Beljiyam tana cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma tana nan a kasuwa. In dole ta sa za ka saya, ka duba shekarar da idonka, ka sa hannu ka shafa cikinta ko'ina don jin faci ko wayar da ta ɓullo, ka guji mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe domin don sanyin Turai aka haɗa robarta. Ka duba leɓen da ke kama wili, saboda masu shigo da taya sukan cusa uku ko huɗu a cikin guda don rage kuɗin jigila, leɓen ya lanƙwashe, ba zai ƙara zama daidai ba. Akwai kuma wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi. Ka duba ƙasan zanen, in ka ga alamar yanka sabo a kan tsohuwar roba, ajiye ta.

Mataki na biyu: yi lissafin kaya kafin a fara lodi

Nan ne yawancinmu muke yin ido rufe. Ana auna kaya da girman bodi: in dai akwai sauran wuri, a ƙara. Taya kuwa ba ta san faɗin bodi ba.

Ga yadda ake yi. Tirela mai ƙafa biyu da waccan taya mai kilo 950, jimilla kilo 1,900 ke nan. Ka cire kashi ɗaya cikin goma don ramuka da karkatar hanya, saura kamar 1,700. Ka cire nauyin ita kanta tirelar. A ce kilo 500 ce, ko da yake wadda mai walda ya yi da ƙarfe mai kauri takan wuce haka. Abin da ya rage kilo 1,200, wato buhu 12 na masara mai kilo 100, ko buhu 24 na taki ko siminti, ko tankin ruwa mai lita 1,000 da 'yan tarkace, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

Yanzu a ce tayar ƙaramar mota aka ɗaura mata, irin 195/65R15 mai lamba 91. Wannan kilo 615 take ɗauka a mota, kuma ƙa'idar ita ce in za a sa tayar ƙaramar mota a tirela sai a raba ƙarfinta da 1.1, ya dawo kusan kilo 560. Biyu sun ba ka 1,120. Cire nauyin tirela, abin da ya saura bai fi buhu shida ba. Bodi ɗaya, girman taya kusan ɗaya a ido, amma ɗaya tana ɗaukar ninkin ɗaya. Mai tirelar da bai san wannan ba zai ɗora buhu 12 a kan ta biyun, in ta fashe ya ce tayoyin zamani ba su da ƙarko.

Ka tuna ita ma sandar da ƙafafun ke juyawa a kanta tana da iyakarta, motar da ke ja ma haka. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka.

Wajen jera kaya, ka tsaya a wurin da kanka, kada ka bar wa 'yan dako su kaɗai. Masu nauyi a ƙasa, kuma kamar kashi 60 cikin 100 na kayan su kasance gaba da ƙafafun, ta yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyin duka zai sauka a kan maɗaurin da ke bayan mota. In baya ya fi nauyi tirela sai ta riƙa wutsiya, tana jefa nauyi daga wannan taya zuwa waccan. Dama da hagu su daidaita, janareta a gefe guda kaɗai ya isa ya sa taya ɗaya ta yi obalodi alhali jimillar kayan ba ta wuce ƙima ba. A ɗaure komai, don kayan da ba a ɗaure ba da kansa yake komawa gefe. In tirelar mai ƙafa huɗu ce, ka koma nesa ka dube ta bayan an ɗaura: dole ta miƙe daidai da ƙasa. In hancinta ya ɗaga, tayoyin baya ne ke ɗauke da aikin huɗu.

Mataki na uku: iska, da gejinka, da sassafe

Ka sayi geji naka ka ajiye a mota. Ba don masu faci ba su da kirki ba ne, a'a, gejin da ke faɗuwa ƙasa sau goma a wuni ba a dogara da shi. Akwai ma wanda ba ya amfani da gejin sam, sai ya buga tayar da sifana ya kasa kunne, ya ce, "Ta yi, Alhaji, a sauka lafiya." Tayar kaya gefenta tauri gare shi, mai 45 da mai 65 duk kusan ƙara ɗaya suke yi, a ido ma ba ka bambance su. In irin waccan tayar mai 65 ce taka, ka ce masa, "Malam, a taimaka a sa min geji, 65 nake so." Zai iya cewa ta yi yawa, za ta fashe. Ka nuna masa rubutun da ke jikin tayar. Hannunsa ya saba da ƙananan motoci masu shan talatin da 'yan kai ne.

Ana auna iska ne tayar tana sanye, wato ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko ba a yi tafiyar da ta kai kilomita biyu da ita ba. In tirelar tana da allon kamfani da ya faɗi yawan iska, ka bi shi. In haɗin gida ce kuma za ta ɗauki kaya sosai, ka ba ta abin da aka rubuta a gefen tayar, muddin wilin da bawul ɗin za su iya ɗauka. Wancan kilo 950 ɗin sai a kan 65 yake samuwa, duk abin da iskar ta ragu, ƙarfin ɗaukar kayan ma raguwa yake.

Ga kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa a bazara. Direba ya tsaya a hanya, ya taɓa taya ya ji zafi, ya auna ya ga ta haura da huɗu ko shida, sai ya sa tsinke a bawul ya rage, wai kada ta fashe. Ƙarin nan na ɗumi ne, masu ƙera tayar sun san da shi kuma sun yi lissafinsa. In ka sace shi, ka mayar da tayar mai ƙarancin iska, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Ka taimaka wa abin da kake gudu ke nan. Kada ka taɓa rage iskar taya mai zafi.

Taya lafiyayya ma tana zubar da iska kaɗan-kaɗan, ɗaya ko biyu a wata, saboda haka wadda ta yi damina a ajiye ba yadda ka bar ta take ba. Sanyin hunturu shi ma yana saukar da ita. In ka auna ka tarar ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, misali 50 maimakon 65, kuma ka san an yi tafiya da kaya a haka, ƙara iska kawai bai wadatar ba. A cire ta daga wili a duba cikinta. In akwai garin roba baƙi ko wani layi da ya yi duhu a zagayen gefen, ta riga ta ƙone.

Kafin ka mayar da murfin bawul, ka ɗan shafa yawu a bakinsa. In ya yi kumfa, yana sace iska. Ka lanƙwasa bawul ɗin gefe ka ga ko gindinsa ya tsattsage. Ƙaramin bawul na roba iyakarsa 65, in tayarka ta fi haka a sa mata na ƙarfe. Murfin kuma ba ado ba ne, shi ke hana ƙura shiga. Safaya ma a auna ta, ita ce aka fi mantawa.

Mataki na huɗu: ido da tafin hannu

Ka sa jak ka ɗaga ƙafar, ka juya ta a hankali. Kana neman ƙananan tsagu a gefe da cikin zane, ƙusa ko ƙaya, da duk wani ƙululu. Ƙululu a gefen taya yana nufin zaren ciki ya tsinke, ba shi da magani sai canji. Haka hujin gefe, ba a yi masa faci. Hujin da ke kan zane in bai wuce milimita 6 ba ana gyara shi, amma a cire tayar a manna daga ciki. Igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka gari ce kawai. In zanen ya sauka har ya yi daidai da 'yan gadojin da ke tsakaninsa, ya kai milimita 1.6, ta suɗe. In gefe ɗaya ne kawai ya ci, sandar ƙafafun ta karkace, sabuwar taya ma haka za ta ci. Ka kuma duba ko akwai tazara tsakanin taya da bodi bayan an yi lodi, domin sifirin da ya gaji yakan sauko da ƙarfe ya riƙa yankar taya a kowane rami.

Tun ƙafar tana sama, ka kama ta da hannu biyu, sama da ƙasa, ka girgiza. In tana kaɗawa ko tana gurnani in an juya ta, boris ne. Boris da ya bushe yana ɗaukar zafin da zai bi wili ya dafa taya mai cikakkiyar iska. A wanke shi a sa sabon giris aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman in tirelar tana shiga ruwa a fadama. Mai birki kuma a tabbatar ba ya kamawa. Wilin da ya tsage, a cire tayar gaba ɗaya kafin mai walda ya kusance shi. Walda a jikin wili da taya a kai tana iya tarwatsa tayar ko da an sace iskar, kuma tana kashe mutum.

Mataki na biyar: a kan hanya

Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, ba tafiyar da za a yi wa gaggawa ba ce. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. In da hali ka tashi bayan asuba, ko ka bari sai la'asar sakaliya. Da kaya a baya, ni ba na ganin dalilin wuce kilomita 70 zuwa 80 a awa, ko da harafin da ke jikin tayar ya yarda da fiye da haka. In haɗin gida ce marar birki, ka yi ƙasa da haka.

Ka sa wa kanka wurin tsayawa tun kafin ka tashi. Mai zuwa Daura ya tsaya a Mashi. Ka zaga tirelar, ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da kan kowane boris. Ba zafin kansa kake nema ba, bambanci kake nema. In duka sun yi ɗumi iri ɗaya, lafiya. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko kan boris ya ƙi taɓuwa, ko ka ji ƙaurin roba, kada ka ci gaba sai ka gano dalili. In an kwance ƙafar kwanan nan, a nan ne za ka sake bin notinan da sifana, don sukan saki a tafiyar farko.

Wajen kwana ka buɗe hannu, saboda ƙafar tirela tana yanke kwana fiye da ta mota, ita ce ke hawa bakin kwalbati da gefen kwalta mai kaifi. Ramin da mota ta kauce wa ma sau da yawa tirela ce ke faɗawa. Irin wannan dukan yakan tsinka zare yau, tayar ta fashe bayan mako biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ranar Lahadi da ake cin kasuwar Mai'aduwa hanyar takan cika da motocin dabbobi, sauka gefen kwalta don ba su hanya ka yi shi a hankali. Ka gyara madubanka yadda za ka riƙa hango tayoyin tirelar, in kana da yaron mota ka ba shi aikin waiwaye.

In duk da haka ta yi bindiga

Kada ka danna birki da ƙarfi. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe, ka saki totur sannu a hankali har gudun ya mutu, sannan ka taɓa birki kaɗan ka sauka gefe inda ƙasa take da ƙarfi. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanka. In ka zuba ganye, ka kwashe shi kafin ka tafi. Ka bar tirelar a ɗaure da mota yayin da kake ɗagawa, ka sa weji a ɗaya ƙafar, ka shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak don kada yashi ya haɗiye shi. Tun a gida ya kamata ka gwada ko sifanar motarka tana kama notin tirelar, sau da yawa girmansu ba ɗaya ba ne. In akwai dawaki a ciki, a sauke su nesa da kwalta kafin a sa jak.

A tirela mai ƙafa huɗu, tayar da ke kusa da wadda ta fashe ta ɗauki nauyin biyu na tsawon tafiyar da aka yi kafin a tsaya, kuma wayoyin 'yar'uwarta sun yi ta dukanta. A cire ta a duba, in da hali a canja su tare. Ka leƙa ƙarƙashi kuma, don taya mai fashewa takan tsinka wayar fitila da ta birki.

Idan an dawo za a ajiye

A sauke kaya duka, a zubar da ruwan tanki. In za ta daɗe, a ɗora ta a kan bulo ko kututture tayoyin su huta, in ba haka ba a sa katako a ƙarƙashinsu kuma a riƙa ɗan gusa ta duk wata don kada wuri ɗaya ya daɗe a danne. A nema mata inuwa, ko a rufe tayoyin da tsohon buhu ko kwali, domin hasken rana ne ke fara tsattsaga roba. Kada a bar su cikin baƙin mai ko gas da ya zuba, kada kuma a shafa musu mai don su yi ƙyalli, yana cin roba. Shekarar kowace taya da iskar da take sha, ka rubuta su da fenti a jikin bodi kusa da ƙafar, don duk wanda ya zo aron tirelar ya gani kafin ya ja ta.